Ra'ayinmu: Wa Ake Yi Wa Wannan Kururuwa?

Akwai wani irin kiɗa da samarin Turai suka ƙaga wanda in mutum ya ji shi karon farko sai ya ɗauka injin niƙa ne ya lalace, ko kuwa an danne wani ana yanka. Ganga tana zuba ba ta numfashi, tsirkiyar jita tana ƙugi kamar an tsokano amyar zuma, mawaƙin kuwa ba ya rera komai, sai dai ya buɗe maƙogwaro ya yi ta ƙaraji har faifan ya ƙare. A da sai wanda ya tsallaka teku ya san da shi. Yanzu da wayar hannu ta zama ruwan dare, duk ɗalibin da ya so sai ya latsa ya ji shi a ɗakin kwanansa, ba tare da ya san gidan da abin ya fito ba.

Wannan kiɗa haɗin gambiza ne na zuriya biyu. Ta farko ita ce wadda masu ita ke kira black metal, watau baƙin ƙarfe. Ta biyu kuwa grindcore, wadda za mu kira kiɗan niƙa, tun da ma'anar sunan ke nan. Mun san cikin masu karatunmu akwai waɗanda za su ce me ya haɗa mujallar ɗalibai da haukan Turawa, su toshe kunne su wuce. Akwai kuma 'yan kaɗan da za su rungume shi don kawai ya fi kowane kiɗa tayar da hankalin manya. Dukansu biyu da kunne suka yanke hukunci, alhali kuwa kunne ba ya iya raba wannan shari'a. Muryar da take la'antar azzalumi da wadda take la'antar baƙar fata, a cikin wannan kiɗa, sauti ɗaya gare su. Don haka tambayar da ta kamaci ɗalibin jami'a ita ce wadda muka sa a kan wannan shafi: wa ake yi wa kururuwar?

Sai mu fara daga birnin Birmingham na ƙasar Ingila, garin maƙera da masana'antu, domin can ne tushen labarin. A nan ƙungiyar Black Sabbath ta tashi a 1968, ta fitar da faifanta na farko a 1970, shi ne ake ɗauka a matsayin mafarin kiɗan ƙarfe baki ɗayansa. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, lebura ne a wata masana'antar ƙarfe, inda inji ya datse masa kan yatsu biyu. Daga baya ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa don su yi masa sauƙin dannawa, sai amon ya yi nauyi, ya yi ƙasa-ƙasa. Watau tun ran gini tun ran zane, wannan kiɗa ɗan masana'anta ne.

Shekara goma bayan haka masana'antun suka fara rufewa. Uwargida Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, kafin 1982 ta ƙare marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3. An yi tarzoma a unguwar Handsworth ta Birmingham a 1981, aka sake yi a 1985, ma'aikatan haƙar kwal kuma suka yi yajin aiki na shekara guda daga 1984 zuwa 1985, aka murƙushe su. A cikin wannan yanayi ne wasu yara 'yan makaranta daga ƙauyen Meriden, kusa da birnin, suka kafa ƙungiyar Napalm Death a 1981. Daga kiɗan 'yan tawaye da ake kira pank suka fito, musamman ɓangarensa mai ƙin gwamnati da yaƙi da jari-hujja. Suka riƙa wasa a wata mashaya mai suna Mermaid, suna ƙara sauri, suna rage tsawon waƙa, har a 1987 kamfanin Earache na garin Nottingham ya buga faifansu na farko, Scum. Waƙoƙi 28 ne a cikin minti 33 ko kusa da haka. Waƙar farko a kan manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa aka yi ta, bangon faifan kuma zanen mayunwata ne kewaye da masu kwat da wando, ga tambarin kamfanoni zube a kan tarin ƙoƙon kai. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a muhawara kan danniyar ƙasashen Yamma zai gane wannan zane ba sai an yi masa tafinta ba.

Mai gangarsu, Mick Harris, shi ake jingina wa sunan kiɗan niƙa, shi ne kuma ya yayata salon dukan da ya zama ƙashin bayan abin duka. Ƙafa tana taka babbar ganga, hannu ɗaya yana dukan ƙarama, ɗayan yana dukan faifan tagulla, suna karɓa-karɓa da matuƙar sauri har kunne ya kasa raba su. Kalmar da ta fi dacewa da shi a Hausa ita ce lugude, sai dai lugude ne wanda babu matan da za su iya yinsa a turmi. Ɗaya daga cikin waƙoƙin faifan, You Suffer, tsawonta daƙiƙa ɗaya ce da ɗan ɗoriya, ta kuma shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin waƙa mafi gajarta. Mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC, John Peel, shi ya ɗauke su ya sa duk ƙasar ta ji.

Dariya ta fara tarar su, amma ba su sauka daga kan aƙidarsu ba. A 1993 suka fitar da ƙaramin faifai na yaƙi da 'yan Nazi, suka ba ƙungiyoyin da ke wannan gwagwarmaya ribar. A 2015 mawaƙinsu, Barney Greenway, ya rubuta wa shugaban Indonesiya na lokacin, Joko Widodo, wanda aka sani da son kiɗansu, yana roƙon a yi wa wasu fursunoni biyu 'yan Ostareliya sassauci daga hukuncin kisa. Shugaban bai saurara ba, aka harbe su a watan Afrilu na shekarar. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ɗaya zuriyar kuwa halinta dabam. Sunanta ya samo asali ne daga faifan Black Metal da ƙungiyar Venom ta garin Newcastle ta fitar a 1982. Su Venom wasan kwaikwayo suke yi da sunan Shaiɗan don su tsorata iyaye su sayar da faifai. Bathory ta ƙasar Suwidin ta ɗauka daga 1984, ta mai da muryar ta zama ƙaraji siriri mai sanyi. Amma a Norwe ne, farkon shekarun 1990, aka sami samarin da suka ɗauki wasan da gaske. Matattararsu wani ɗan kantin faifai ne a birnin Oslo mai suna Helvete, watau jahannama, na Øystein Aarseth, wanda ake kira Euronymous, jagoran ƙungiyar Mayhem. Suka riƙa shafe fuska da fari da baƙi don su yi kama da gawa, suna ɗaukar sauti da gangan a rikice, suna waƙe dare da sanyi da mutuwa da ƙin ɗan Adam. Abin lura shi ne, waɗannan ba 'ya'yan leburorin da aka kora daga aiki ba ne. Norwe ƙasa ce mai arzikin mai, mai kula da jama'arta tun daga haihuwa har kabari. Yunwa ba ta cikin dalilan fushinsu.

Daga nan sai magana ta bar faifai. A ranar 6 ga Yuni, 1992, aka ƙone cocin Fantoft da ke Bergen, ginin katako wanda aka fara kafawa tun wajen shekarar 1150. Wasu coci-coci suka biyo baya. A watan Agusta na wannan shekara mai gangar ƙungiyar Emperor ya kashe wani mutum da wuƙa a garin Lillehammer. A ranar 10 ga Agusta, 1993, Varg Vikernes, mai ƙungiyar Burzum, ya je gidan Euronymous a Oslo ya sassoke shi har lahira. Kotu ta ɗaure shi shekara 21 a 1994, iyakar abin da dokar ƙasar ta yarda da shi a lokacin, saboda kisan da kuma ƙona coci uku; ba ta same shi da laifin Fantoft ba, ko da yake hoton kufan cocin ya sa a bangon wani faifansa. A gidan yari ya fito fili da aƙidar fifita farar fata. An sake shi a 2009, ya koma Faransa, inda wata kotu ta same shi da laifin rura wutar ƙiyayyar launin fata a 2014. Lalle ba duk makaɗan baƙin ƙarfe ne masu wannan ra'ayi ba, da yawansu ma sun tsine masa. Amma akwai reshe guda a cikinsu, mai kamfanonin faifai da bukukuwa nasa, wanda yake yabon Hitila ba ɓoye-ɓoye.

To, ga gida biyu, ɗaya yana cewa duniya ta lalace a tashi a gyara ta, ɗaya yana cewa duniya ta lalace a ƙara mata wuta. Su da kansu sun san da wannan gaba. Kamfanin faifai na Euronymous yana da take wanda ya haramta raha da rawar turereniya da duk wani abin da ya fito daga zuriyar pank, habaici ne kuma ga mutane irin na Earache. Amma duk da zagin, luguden gangar nan ɗaya suke yi, ƙarajin ma kusan ɗaya ne. Kuma tun kafin a ja layin, akwai waɗanda suka riga suka tsallake shi. Sarcófago ta birnin Belo Horizonte a Barazil ta fitar da faifanta na farko a 1987, shekara ɗaya da Scum, da saurin niƙa da saɓon baƙin ƙarfe a haɗe, samarin Oslo ma daga gare ta suka kwaikwayi abubuwa da dama. Rotting Christ ta Girka da kiɗan niƙa ta fara a 1987 kafin ta koma ɗaya gidan. Blasphemy ta Kanada, wadda faifanta na 1990 ya haifi reshen da ake kira ƙarfen yaƙi, mai kaɗa mata jita baƙar fata ne, abin da masu ɗaga tutar Hitila ba su cika son a tuna musu ba.

Auren bai ɗauru sosai ba sai da aka komo Birmingham. A 1999 mutum biyu, Mick Kenney da Dave Hunt, suka kafa Anaal Nathrakh, suna wanda suka aro daga wani surkulle a cikin fim ɗin Excalibur na 1981. Kenney shi ke kaɗa kayan kiɗa duka, ganga kuma na'ura ce ya tsara, don haka take gudun da ƙafar mutum ba za ta jure ba. Hunt shi ne muryar, yakan tashi daga gurnani zuwa ƙaraji, sa'an nan ba zato ya rera da murya garau kamar mawaƙin coci. Faifansu na farko, The Codex Necro, ya fito a 2001. John Peel ɗin nan dai shi ya gayyace su BBC a 2003, Shane Embury na Napalm Death kuma ya kaɗa musu jita, watau dattawan gidan niƙa sun sa albarka. Daga Norwe suka ɗauko sanyi da fid da rai, daga garinsu suka ɗauko sauri da duban halin da jama'a ke ciki. Faifansu na 2018, A New Kind of Horror, a kan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka gina shi, shekara 100 da ƙarewarsa, yaƙin da har sojojin ƙasar nan aka kwasa suka yi wa Ingila shi a Kamaru da Gabashin Afirka. Na 2020 kuwa, Endarkenment, kuka ne a kan zamanin da mutane suka juya wa ilimi da hujja baya.

Muna ganin a hannun waɗannan mutum biyu haɗin ya yi ma'ana. Wanda zai ba da labarin ramin yaƙi da iskar guba, da samari dubbai da aka tura gaban bindiga mai jigida don a ci taƙi ɗaya na laka, in ya zaɓi sautin da ba ya daɗi ba za mu ce ya yi wauta ba. Akwai abin da zaƙin murya ke ƙawatawa alhali bai cancanci ƙawa ba.

Amma a nan ne kuma damuwarmu take. Napalm Death ko ba a jin abin da suke faɗa, sukan buga kalmomin a takardar faifai, mai saye ya karanta ya san inda suka dosa. Anaal Nathrakh kuwa sun daɗe da al'adar ƙin buga kalmomin waƙoƙinsu, sai ɗan tsokaci da sunayen waƙa. Su dai an san su, an ji bayanansu a hira, ba a kama su da ƙin wata kabila ba. To, ɗaruruwan ƙungiyoyin da suka bi wannan hanya fa? A cikinsu akwai 'yan gurguzu da masu ƙin mulki kowane iri, akwai masu wasa kawai, akwai kuma masu lulluɓe aƙidar Nazi cikin alamomi da lambobi waɗanda sai ɗan gida ke ganewa. Idan kalma ta nutse cikin ƙara, sai fushin ya zama kamar wuƙar da aka yar a kan hanya, kowa ya tsinta tasa ce. Matashi a nan, wanda Turanci ma ba harshen uwarsa ba ne, wanda bai san tarihin Oslo ba, shi ya fi kowa saurin tsinta ta wajen kaifin.

Ga mai sha'awa, maganarmu gajeriya ce. Rigar da aka buga wa sunan Burzum ana sayar da ita a intanet kamar kowace riga, har wani fitaccen mawaƙi baƙar fata a Amurka an gan shi da ita. Ɗan Afirka da ya saka ta yana tallar mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa irinsa ba su kai mutane ba. Sa'an nan batun ƙona wurin ibada, wanda wasu mujallun Turai ke ba da labarinsa kamar tatsuniyar jarumta, mu a ƙasar nan ba labari ba ne. Mun ga an ƙona masallaci, mun ga an ƙona coci, mun kuma san gawa nawa ke biyo bayan hayaƙin. Wanda ya fito daga irin garuruwanmu ba shi da uzurin ɗaukar wannan a matsayin ado.

Masu cewa a hana kawai a huta, su ma muna da abin tuna musu. A watan Janairu na 1997 'yan sandan Masar suka bi gida-gida a Alƙahira suka kama matasa gommai masu sauraron kiɗan ƙarfe, aka zarge su da bautar Shaiɗan, jaridu suka yi ta kururutawa, daga ƙarshe aka sake su domin babu hujja. A 2003 kotu a Kasabalanka ta Maroko ta ɗaure samari 14, makaɗa da masoya kiɗan, daga wata ɗaya zuwa shekara guda, ana kafa shaida da baƙaƙen riguna da faifai. Jama'a suka fito zanga-zanga, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 11 daga cikinsu, ta rage wa sauran ukun. Abin da aka samu shi ne an ɓata wa yara suna, an kuma yi wa kiɗan tallar da bai taɓa samu ba. Hukumar da ba ta iya bambanta Napalm Death da Burzum, ranar da ta tashi hani mai la'antar zalunci za ta fara kamawa, domin shi ne maganarsa ta shafe ta. Ɗalibai sun fi kowa sanin yadda dokar da aka kafa don tarbiyya kan rikiɗe ta zama sandar dukan mai ƙorafi.

Kada kuma a ɗauka muna kai wannan kiɗa inda bai kai ba. Mun ce a riƙe labarin Widodo. Ga shugaban ƙasa yana saka rigar ƙungiya, yana jin daɗin luguden gangarta, amma da mawaƙin ya yi masa magana a fili kan ran mutum biyu, sai ya nuna cewa ƙarar yake so, ma'anar ba ta dame shi ba. A gwada wannan da Fela Anikulapo Kuti, wanda ya yi waƙa da harshen da ɗan kasuwa da direba da ƙaramin soja ke ji. Da aka fahimci abin da ya faɗa game da soja, sai sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta a Legas a watan Fabrairu na 1977. Mu da muka gaji zambo da habaici, inda kalma ɗaya kan hana basarake barci, muna da dalilin yin shakkar tawayen da mai mulki zai iya kaɗa masa kai a cikin motarsa.

Akwai 'yan Afirka da suka shiga wannan fage da idonsu a buɗe. A 2020 wasu matasa biyu daga Nairobi, Martin Khanja da Sam Karugu, suka fitar da faifai da sunan Duma a ƙarƙashin kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala. Sun ɗauki ƙaraji da luguden niƙa, suka zuba su a kan bugun na'ura mai tafiya irin ta kiɗan Gabashin Afirka, babu dajin ƙanƙara, babu gumakan mutanen Arewacin Turai, sai hayaniyar birninsu. Masu sharhi a Turai da Amurka suka yaba, ba don sun iya kwaikwayo ba kuwa. A Botsuwana ma akwai ƙungiyoyin kiɗan ƙarfe da suka daɗe, irin su Wrust da Overthrust, da mabiyansu masu shigar fata irin ta makiyaya.

Muna kira ga sassan da ke koyar da adabi da tarihi da nazarin zamantakewa su ba irin wannan batu wuri a cikin muhawarorinsu, a kawo faifan Scum da bangonsa, a kawo tarihin shari'ar Oslo ta 1994, a sa su gaba ɗaya a tattauna. Ɗalibin da ke sauraron wannan kiɗa kuma, kafin ya tura wa abokinsa waƙa ko ya sayi riga, ya nemi sunan ƙungiyar, ya nemi kamfanin da ya buga ta, ya karanta abin da mambobinta suka faɗa da bakinsu game da mutane irinsa. Shafin wasiƙu na fitowa ta gaba a buɗe yake ga duk wanda ya ga abin dabam da yadda muka gan shi.